Ranar da fayif ɗin kicin ɗinmu ya daskare

Wata Talata ce da asuba cikin watan Janairu, na sauko ƙasa na tarar da maiɗakina tsaye gaban famfon kicin tana ta murɗa shi, tace min "Maigida, ruwan sanyi fa ko ɗigo babu, na zafin ne kawai yake zuwa." Kwana uku kenan ma'aunin da muka liƙa a jikin taga ta waje yana wasa tsakanin digiri 22 da 26 ƙasa da sifili, ga wata iska mai ƙarfi da take kaɗowa daga arewa dare da rana, kuma bangon kicin ɗin namu arewar yake kallo. Gidan tsoho ne, shekararmu ta biyu kenan a ciki, hunturun farko da muka yi bai yi tsanani ba shi yasa ba mu gama sanin halin gidan ba.

Abin da na fara yi shine na zaga duk famfunan gidan. Banɗakin sama ruwa na zuwa, na ƙasa ma na zuwa, wurin injin wanki ma lafiya lau. To daga nan hankalina ya ɗan kwanta, tunda hakan na nufin babban layin da ya shigo da ruwa gidan yana nan lafiya, reshen da ya tafi kicin ne kaɗai ya daskare. Amma fa kwanciyar hankalin ba ta daɗe ba, dan na san fayif ɗin da ya daskare yana iya kasancewa ya riga ya tsage tun cikin dare, ƙanƙarar ce ta toshe tsagar shi yasa ba ka ganin komai, sai ka narkar da ita sannan ruwa ya ɓalle maka.

Shi yasa kafin in taɓa komai na sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa na je wurin babban bawul ɗin da yake kashe ruwan gidan gaba ɗaya, yana nan kusa da mitar ruwa, inda bututu ya ɓullo ta cikin ginin tushe. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana aikin gini kafin ya ajiye, shi ya nuna min shi tun satin da muka tare, yace duk mai gida ya kamata ya iya zuwa wurin nan ko cikin duhu ne. Namu irin mai kai kamar sitiyari ne, tsoho, na gwada murɗa shi ya ƙi, ya yi tauri saboda an daɗe ba a taɓa shi ba. Ban sa masa sifana ba dan irin waɗannan in ka matsa musu da ƙarfi sandar cikin tana iya karyewa, na dinga juya shi kaɗan kaɗan gaba da baya da hannu har ya saki. Na rufe na buɗe sau biyu na tabbatar yana aiki, sannan na kira babbar 'yata mai shekara 14 na nuna mata, nace ki tsaya nan, da kin ji na ɗaga murya ki murɗa shi ta ɓangaren da agogo yake juyawa har sai ya tsaya. Tace "To Abba."

Na dawo kicin na buɗe famfon sanyin na bar shi a buɗe. Wannan yana da muhimmanci sosai kuma mutane da yawa basu san dalilinsa ba. Ruwa in ya zama ƙanƙara girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, sai kowa ya ɗauka kumburin ne yake tura jikin fayif ya fasa shi a daidai wurin da ƙanƙarar take. Masu bincike a Jami'ar Illinois da ke Amurka sun nuna cewa galibi ba haka abin yake faruwa ba, ƙanƙarar tana toshe bututun ne sannan ta ci gaba da tsawo a cikinsa, sai ta matse ruwan da ya maƙale tsakaninta da famfon da yake rufe, shi kuma ruwa baya matsuwa, sai ƙarfin ya taru ya taru har bututun ya tsage a inda ya fi rauni, wani lokaci ma nesa da ƙanƙarar. To in famfo a buɗe yake ƙarfin nan ya samu hanyar fita. Dalilin da yasa ake cewa a bar famfo yana ɗiga a daren tsananin sanyi kenan.

Na kwashe kayan da ke cikin kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, na zura hannu, wallahi kamar na sa hannu a firiza. Fayif ɗin jan ƙarfe ne mai rabin inci, ya fito ta ƙasan kabad ɗin dab da bango. Na ɗauko handiraya ta busar da gashi na fara hura masa zafi daga ɓangaren famfo ina yin ƙasa, dan in ka fara daga nesa ruwan da ya narke bashi da inda zai bi, yana nan a kulle tsakanin ƙanƙara biyu. Na ji wasu na cewa a sa wutar walda ko kyandir ko wannan ƙaramar tukunyar gas mai harshen wuta, dan Allah kar a yi, akwai katako busasshe da ƙura da takarda a cikin bango, gobara da yawa a lokacin hunturu daga nan take tashi, kuma zafi mai yawa lokaci ɗaya yana iya tafasa ruwan da ke ciki ya fashe maka a fuska.

Na yi kusan minti 40 a durƙushe babu ko ɗigo. Daga nan na gane toshewar ba a kabad take ba, tana ƙasa. Na koma ɗakin ƙasa da tocila na bi fayif ɗin da hannu tun daga inda ya rabu da babban layi, a tsakiyar ɗakin sanyinsa daidai na ruwa, da na matso kusa da bangon arewa sai ya shige cikin wani lungu a saman ginin tushe, inda katakon da ya ɗauki daɓen sama yake zaune kan kankare, an cusa audugar gilas mai ruwan ɗorawa, irin wadda ake sawa a bango dan riƙe ɗumi, an toshe lungun. Na sa safar hannu da takunkumi na zaro audugar, sai wata iska ta bugi fuskata kamar an buɗe taga. Fayif ɗin ya yi fari fat da raɓar ƙanƙara, tsawon kusan kamu biyu.

Anan na tsaya na ɗan yi nazari, dan abin da na gani ya bani mamaki. Wanda ya sa audugar, ko waye shi, da kyakkyawar niyya ya sa ta, amma ya sa ta ne tsakanin fayif da ɗumin ɗakin, ya bar fayif ɗin a ɓangaren waje tare da sanyi. Auduga bata samar da zafi, rage gudun fitar zafi kawai take yi, to in ka sa ta a nan ka hana ɗumin gida isa ga bututun kenan, ka miƙa shi ga sanyi da hannunka. Ga kuma launin audugar ya yi baƙi a wani gefe, alamar shekara da shekaru iska na ratsa ta tana barin ƙura, dan audugar gilas bata tare iska, tace ta kawai take yi.

Na jona ƙaramar hita ta lantarki kai tsaye a soket ɗin bango, na ajiye ta kan busasshen wuri da tazarar kusan mita ɗaya daga duk abin da zai iya kamawa, na ɗora bokiti a ƙarƙashin lungun, na ci gaba da handiraya daga ɓangaren da ya nufi sama. Wajen minti 25 sai naji maiɗakina daga sama tana cewa ya fara ɗiga. Ban gama cewa alhamdulillahi ba naji wani sauti siii, sai ga ruwa siriri yana fesowa kan katako, cikin daƙiƙa kaɗan ya zama kamar an buɗe tiyo. Na fizge handirayar daga wuta na yi gefe da ita, na kwaɗa wa yarinyar kira, ta rufe bawul ɗin nan take. Duk da haka sai da ruwan da ke cikin bututun saman bene ya gama tsiyayowa ta tsagar, na cika bokiti biyu, sannan na je na buɗe famfon da ya fi kowanne ƙasa a gidan da na banɗakin sama dan sauran ya sauka ta can.

Tsagar bata kai tsawon ɗan yatsana ba, ta bi tsawon fayif ɗin, leɓenta ya buɗe waje kamar bakin kifi. In na tuna cewa da rana ta ɗan yi ɗumi muna wurin aiki abin ya narke da kansa babu kowa a gida, har yanzu gabana na faɗuwa.

Na kira masu gyaran famfo har wuri uku, duk maganar ɗaya ce, garin gaba ɗaya fayif ne ke fashewa, mafi kusa yace sai bayan kwana huɗu. Ga yara, ga gida babu ruwa. Na taka na je na ƙwanƙwasa wa dattijon nan ƙofa nace Baba ga halin da ake ciki. Ya sa babbar rigarsa ta sanyi ya biyo ni, ya haska wurin ya duba, yace wannan zaka iya da kanka ɗana, wurin a buɗe yake hannu na kaiwa. Ya hana ni tunanin yin dalma da wuta a lungun, na farko katako ya kewaye wurin, na biyu in da ɗigon ruwa ko kaɗan a cikin bututu dalma bata kamawa. Yace in sayo mahaɗi irin wanda ake turawa kawai ya kama, mai haƙoran ƙarfe da zoben roba a ciki, guda biyu, ɗaya daga ciki ya zama mai tsawo wanda yake zamewa a jikin fayif, da guntun fayif sabo, da ƙaramin abin yanka fayif mai ƙafar wuƙa da ake juyawa, da abin goge bakin yanka.

Yadda aikin ya tafi, na auna na yi alama da alƙalamin maka kamar inci uku daga kowane gefen tsagar. Baba yace in ƙara matsawa, dan fayif ɗin da ya daskare yana kumbura a kusa da wurin ko ido bai gani ba, in ka yanka a inda ya kumbura mahaɗin ba zai shiga ba, in ma ya shiga zai yi yoyo. Gaskiyarsa ne, yankan farko da na yi mahaɗin ya ƙi shiga, sai da na ƙara cire kusan inci biyu na samu inda bututun yake da'ira sosai. Abin yankan nan haƙuri yake so, ka ɗaura shi ka juya zagaye ɗaya ka ɗan ƙara matse shi ka sake juyawa, in ka yi gaggawa ka matse da yawa sai ka lotsa bakin. Zarto kuma baya bada yanka madaidaici, a bar shi. Bayan yanka na goge bakin ciki da waje har ya daina kama yatsa, saboda ɗan tsinin ƙarfe ɗaya ya isa ya yage zoben robar, na sa samfefa mai laushi na cire dattin jikin bututun, sannan na auna zurfin da takardar mahaɗin tace fayif zai shiga, kusan inci ɗaya ne a wannan girman, na yi alama. Alamar nan ce take gaya maka ko ya shiga har ƙarshe, dan a lungu irin wannan kana turawa zaka ji kamar ya kai alhali saura.

Na tura na farko ya shiga da wani ɗan sauti ƙas, na sa sabon guntun, na biyun mai zamewa ne ya ɗan wahalar da ni dan sai ka tura shi can ciki sannan ka danna abin sakinsa ka jawo shi baya ya hau ɗayan bakin, hannuna duk ya sandare da sanyi, na yi ta fita ina ɗumama shi ina dawowa. Da na gama Baba yace in ƙara wani ƙaramin bawul a kan reshen kicin ɗin tunda ga ruwa a kashe, dan in wani abu ya sake faruwa kicin kaɗai za a rufe. Na koma na sayo na sa, kuma duk cikin aikin ranar babu shawarar da ta kai wannan.

Wurin buɗe ruwa ma akwai ƙa'ida, a hankali ake buɗe babban bawul, famfo ɗaya a buɗe a sama dan iskar da ta shiga bututu ta fita. Famfunan suka yi ta tari suna fesar da iska, daga baya ruwa ya daidaita. Na naɗa busasshiyar takardar goge hannu a kowane mahaɗi, na dawo bayan minti goma, bayan awa ɗaya, da kuma kafin mu kwanta, a bushe take. Na bar fanka tana hura katakon da ya jiƙe kwana uku, audugar da ta sha ruwa kuma na zubar da ita, jiƙaƙƙiyar auduga bata riƙe ɗumi sai dai ta jawo fumfuna.

To amma ni a wurina gyaran fayif ɗin shine ƙaramin aikin. Iskar nan da ta bugi fuskata tana nan tana shigowa, in ban gano ta ina take bi ba sabon guntun ma zai daskare a daren. Na kashe fitila da rana tsaka na leƙa lungun, sai ga haske siriri daga waje. Rami ne da aka taɓa hudawa aka shigo da wata tsohuwar waya, an cire wayar an bar ramin, faɗinsa bai wuce babban yatsa ba, kuma saitin fayif ɗin yake daidai. Ɗan wannan ramin ne ya jawo mana duk wannan. Banda shi akwai tsaga siririya a duk tsawon inda katako ya zauna kan kankare, na kunna turaren tsinke na bi bangon da shi a hankali, duk inda hayaƙin ya kwanta ya yo cikin ɗaki na yi alama da alli, sai da na ƙirga wuri goma sha ɗaya.

Baba ne ya fahimtar da ni dalilin da yasa iska ta fi shigowa ta ƙasa. Yace a lokacin sanyi gida kamar bututun hayaƙi yake, iska mai ɗumi bata da nauyi sai ta yi sama ta fice ta duk wata kafa da ke silin da ƙofar hawa rufi da ramukan fitilu, gurbin da ta bari kuma dole a cike shi, sai gidan ya dinga zuƙo iskar waje ta ƙasa. Yadda sanyin waje ya kai haka ƙarfin zuƙar yake ƙaruwa.

Ƙarshen satin nan gaba ɗaya a kan wannan na ƙare. Ƙananan tsagogi da basu wuce milimita 6 ba na cike su da silikon, manya kuma da kumfar gwangwani wadda take kumbura ta bushe. Akwai abin lura anan, yawancin waɗannan kayan an rubuta a jikinsu kar a yi aiki da su in sanyi ya yi ƙasa da digiri 4 ko 5, shi yasa ta ciki na yi aikin, na kwana da gwangwanayen a ɗaki mai ɗumi, na fara ɗumama lungun da hita sannan na kashe ta kafin in fesa, dan iskar da ke tura kumfar tana kama wuta. A sa safar hannu kuma, in ta taɓa fata bata fita da sabulu, kwanaki take yi. Kumfar rabin rami ake cikawa a bar ta ta kumbura ta ƙarasa, na farko da na yi na cika shi taf sai da na yanke tulin da ya fito da wuƙa washegari. Kusa da bututun hayaƙin injin ɗumama gida ban sa kumfa ba ko kaɗan, wurin nan zafi yake yi, kayansa daban ne.

Bayan na toshe kafofin na yanko allon soso mai tauri, kauri inci biyu, na saka shi a kowane lungu ya manne da katakon waje, na zagaye gefensa da kumfa. A lungun da fayif yake na tabbatar allon yana bayan fayif, tsakaninsa da waje, gabansa kuma na bar shi a buɗe iskar ɗakin tana kai masa. Na yi tunanin sa masa wayar nan mai ɗumama fayif da lantarki, na fasa, dan in aka ɗauke wuta cikin guguwar dusar ƙanƙara, wanda a lokacin ne aka fi buƙatarta, bata da amfani, kuma tana son a dinga duba ta duk shekara. Wanda fayif ɗinsa ya bi ta gareji ko wani wuri da ba a ɗumamawa, shi kam wataƙila bashi da zaɓi.

Tunda hannu ya riga ya saba sai na bi sauran gidan. Ƙofar baya na gwada ta da takarda, ka rufe ƙofa a kan takarda ka ja, in ta zare ba tare da ta riƙe ba to iska na wucewa ta nan. Na ɓanɓare tsohuwar robar gefen da ta bushe ta farfashe na liƙa sabuwa, na ɗaura mata abin tare iska a ƙasa da sukurori huɗu. Tagogin ɗakin yara guda biyu tsofaffi ne, na sa musu ledar nan mai haske da ake liƙawa da salatif mai fuska biyu a jikin firam sannan a hura mata handiraya ta miƙe ta ɗame kamar fatar ganga, sirrinta kawai a goge firam ɗin ya bushe sarai kafin a liƙa, in ba haka ba cikin dare zata saki. Ƙofar hawa rufi ma na zagaye ta da roba. Wannan duk bai ɗauke ni yini ɗaya ba.

Sai kuma wani abu ya biyo baya da ban yi tsammani ba. Kamar sati ɗaya da gama toshe-toshen, maiɗakina ta nuna min tagar falo da ta banɗaki suna gumi da safe, ruwa har yana gangarowa kan katakon ƙasan taga. Dalilin shine iskar waje mai tsananin sanyi busasshiya ce ƙwarai, a digiri 20 ƙasa da sifili iskar da zata cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi bata iya ɗaukar ruwan da ya wuce giram ɗaya ko kusa da haka, a digiri 20 sama da sifili kuwa tana ɗaukar kusan giram 17. Da can iskar da ke kutsowa ita take busar mana da gidan ba mu sani ba, yanzu da na rage ta sai tururin wanka da girki da shanyar kaya da numfashinmu ya fara taruwa, in ya taɓa gilas mai sanyi ya koma ruwa. Na sayo ƙaramin ma'aunin laima ya nuna 52 cikin 100, wanda ya yi yawa a irin wannan sanyi. Muka koma kunna fankar banɗaki lokacin wanka da minti 20 bayansa, da ta saman murhu duk lokacin girki, muka daina shanya a falo, cikin kwanaki ya sauko 35 zuwa 38, gumin ya tsaya sai ɗan kaɗan a ƙasan gilas.

Abin da ya fi damuna a raina shine maganar iskar kabon monoksaid, wata iska mai guba da kan fito a hayaƙin abin da ake ƙonawa. Injin ɗumama gidanmu da tankin ruwan zafi duk gas suke ƙonawa, suna buƙatar iska, kuma in ka matse gida ka kunna fankoki masu fitar da iska, tsohon tanki yana iya jawo hayaƙinsa ya dawo ciki maimakon ya fita. Iskar gubar nan bata da wari bata da launi, tana kama jini fiye da iskar shaƙa sau sama da 200, alamunta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mutum sai ya ɗauka mura ce ya je ya kwanta. Na duba na'urar gargaɗin da muka tarar a gidan, kwanan watan da ke bayanta ya nuna ta haura shekara goma, su kuma waɗannan na'urori shekara biyar zuwa goma suke yi su daina ji ko da fitilarsu na kamawa. Na sa sababbi, ɗaya a kowane hawa, ɗaya dab da ɗakunan kwana. Duba injin gas ɗin kansa kuma ban taɓa ba, wannan ba aikin hannuna bane, na kira mai lasisi ya zo ya auna hayaƙin da duk fankokin a kunne yace lafiya. Nawa a ciki shine canza filtar injin, na zaro tsohuwar ta yi baƙi ƙirin, da kuma fita bayan duk saukar dusar ƙanƙara in share bakin bututun da yake fitar da hayaƙi ta gefen bango dan kar ya toshe.

Cikin sati na biyu na Fabrairu sanyin ya dawo, har ya ɗan fi na farko, dare biyu yana kai digiri 27 ƙasa da sifili. Na bar na'urar saita ɗumin gidan a kan lamba ɗaya dare da rana ban rage shi da daddare ba, na buɗe ƙofofin kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, na ajiye ƙaramin ma'aunin zafi a lungun kan fayif ɗin. Daren farko ban yi wani barcin kirki ba, ƙarfe uku na sauka da tocila na duba, digiri 11 sama da sifili, na kai hannu inda ramin yake ban ji motsin iska ba. Na hau sama na murɗa famfon sanyi ruwa ya zo da ƙarfinsa. Akwai famfon waje na bayan gida da har yanzu tsohon yayi ne, na dai rufe shi ta ciki na tsiyaye shi na cire tiyon, Baba yace in sanyi ya wuce a watan Mayu zai zo mu canza shi da mai doguwar sanda wanda yake rufe ruwa tun daga cikin ɗumin gida, na riga na auna kaurin bangon na rubuta a jikin katakon wurin.